Taliyar da Na Kai Lambara

Jikata ta sayo injin taliya, irin wanda ake ɗaurewa a bakin tebur ana juya masa hannu. Rannan ta kwaɓa fulawa tana fitar da ita falle-falle masu faɗi, wai wani abincin Turawa za ta yi wa mijinta, wanda ake jerawa hawa-hawa da nama a tsakani a gasa. Ina zaune ina kallo. Sai wani falle ya fito da kauri a gefe guda, ta yi tsaki ta dunƙule shi za ta jefa a shara. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ta tsaya da kwaɓi a hannu tana kallona, ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Ba tsufa ba ne. Abin da na kasa gaya mata ranar shi zan faɗa a nan.

Innata mutuniyar Lambara ce, ta ƙasar Shagari, kuma a zamaninta ban san macen da ta kai ta murza taliya ba. A lokacin ba inji, ba fulawar kanti. Alkama ce ta fadama, a surfa, a wanke, a shanya, a niƙa a dutse sau biyu, a tankaɗe. Sai a kwaɓa da ruwa da ɗan gishiri, a rufe da ƙwarya a bar kwaɓin ya huta. Sannan a kifa akushi, a riƙa gutsurowa ana murzawa a bayansa da tafin hannu, sili ɗaya bayan ɗaya, ana ratayawa a kan karan dawa a inuwa. Ba a shanya ta a rana, karyewa take yi. Ta Inna siririya ce kamar tsinken tsintsiya, ba inda ta fi wani wuri kauri. Abincin biki ne da sallah da manyan baƙi, har daga cikin Shagari ake aiko mata da alkama ta murza.

Ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri ba, tun ina ƙarama. Hannuna yana da nauyi, zuciyata tana kusa. In na zauna kusa da ita na murza, sai tawa ta fito wani wuri kauri wani wuri kamar za ta tsinke. Inna ta ɗaga sili ɗaya sama a gaban matan gida ta ce, “Wagga taliya ta ko igiyar ɗaure akuya?” Mata su kwashe da dariya. Sai ta mayar da ita cikin kwaɓi ta sake murzawa da kanta. Wasa take yi, yanzu na sani. Haka bakinta yake da kowa, har da Baba kafin ya rasu. Amma ni a lokacin ban ɗauke shi wasa ba. Na riƙe abin a raina, na rantse ba za ta ƙara ganin taliyata ba sai ranar da ta rasa abin cewa.

Aka kai ni aure Bodinga. Shekara huɗu ban taɓa murji ba.

Zamanin Turawa ne, shekarar da lebura ke zuba marmara a hanyar mota. Bazara ta yi nisa, an gama yankan alkama. Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga yayana ya yi sallama, ya kawo albasa a jaki daga Lambara. Ko ruwa bai gama sha ba ya sauke wani ɗan ƙunshi a gabana. Na kwance, alkama ce, kamar mudu biyu.

Ya ce, “Inna ba ta da lahiya. Kwana tara ke nan ba ta cin komi sai kunu, shi ma cokali biyu. Jiya tac ce taliya taka marmari. Hannunta ba ya iya murji, matata kuma ba ta iya ba. Tac ce a kawo miki.”

Na ce, “Ni tac ce?”

Ya ce, “Ke tac ce. Nan zan kwana, gobe da sahe mu tahi tare, ki hau jaki.”

Na ji tsoron ciwon, ba zan ɓoye ba. Amma wallahi a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu mai kama da murna. Yau ga Inna da kanta ta aiko neman taliyata.

Na raba alkamar biyu, na kama aiki. Goyo a baya, ga girkin gida, ga sauri. Niƙa ɗaya na yi mata maimakon biyu. Kwaɓin ma ban bar shi ya huta yadda ya kamata ba. Kafin la'asar sakaliya na gama murji, na rataye a rumfar bayan ɗaki. Da gari ya waye na je na duba. Ta bushe ƙarau, zafin bazara ba ya wasa. Na ɗaga sili ɗaya sama kamar yadda Inna take yi, sai na ji muryarta a kunnena. Igiyar ɗaure akuya ce, babu ko shakka.

Yaya ya riga ya ɗaura wa jaki akumari, yana jira a ƙofar gida. Na leƙa zaure na ce masa ba ta bushe ba.

Ya ce, “Ki ɗauko ta hakanan, ta bushe bisa hanya.”

Na ce, “Kai mi kas sani ga taliya? Ɗanya in an naɗe ta haɗewa taka yi. Ka tahi, gobe ina nan tahe.”

Ya daɗe yana kallona. Yayana mutum ne marar yawan magana, ni kuma ya san in na kafe ba mai tayar da ni. Ya ce, “Jikin nata hwa ba daɗi.” Na ce na ji, kwana ɗaya ne kawai. Ya kora jakinsa ya tafi. Ƙarya na yi masa, ido cikin ido, saboda kar tsohuwa marar lafiya ta yi mini dariya.

Mai kaurin na dafa wa mutanen gida da rana, da man shanu da soyayyar albasa. Surukata ta cinye har tana suɗe hannu, tana sa mini albarka. Ban ko saurare ta ba, hankalina yana kan ragowar alkamar.

Wannan karon na bi komai daki-daki. Na niƙa sau biyu har kafaɗuna suka yi tsami. Na tankaɗe, na sake tankaɗewa. Na rufe kwaɓi na bar shi tun hantsi har azahar, ina ta kai da komo kamar in buɗe, ina hana kaina. Da na zauna murji na ba surukata goyo, na ce ko kuka yake kar a kawo mini shi. A ranar ne hannuna ya gane abin da ya kasa ganewa shekara da shekaru: ba danna kwaɓin ake yi ba, raka shi ake yi. Sili ya riƙa fita siriri, santala-santala. Wanda duk ya yi ɗan kauri sai in mayar da shi, in sake. Kafin magariba karan dawa shida sun cika. Na tsaya ina kallonsu ina dariya ni kaɗai, ina shirya abin da zan ce mata in ta rasa ta cewa.

Jakin maigidana an karɓe shi ɗaukar kayan Bature mai rangadi, don haka washegari da sassafe a ƙafa na tafi. Na jera taliyar a ƙwarya, na shimfiɗa tsumma mai tsabta, na rufe da faifai, na ɗaure. Goyo a baya, ƙwarya a ka. Ko a nan ma ban yi sauri ba, kar ta girgiza ta kakkarye. Inda lebura ke aiki na sauka daga hanya na zagaya ta gonaki, don kar jar ƙasa ta shiga ƙwaryar. Na huta a gindin tsamiya sau biyu.

Bayan azahar na shiga Lambara. Tun daga bakin rijiya na hango maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gidanmu. Wata mata da ta fito ɗiban ruwa ta gan ni, ta sauke tulunta ta kau da kai. Ban tambayi kowa ba. Abin da na fi tunawa shi ne ban saki ƙwaryar ba. Da hannu biyu na riƙe ta har cikin gida, na ajiye ta a hankali, sannan na zauna a ƙasa kusa da ita.

Da asuba Inna ta cika. Da hantsi aka kai ta.

Matar Yaya ce ta gaya mini sauran, washegari, muna zaune a ɗakin Inna. Ba da mugunta ta faɗa ba, ni na matsa mata. Ta ce ranar da Yaya ya dawo, Inna da hankalinta sarai. Tana jin kukan jaki ta ce a tayar da ita zaune, a jingina ta da bango, a gyara mata ɗankwali. Ta ce a ɗora tukunya, a ɗauko man shanu. Sai Yaya ya shigo shi kaɗai, ya ce taliya ba ta bushe ba.

Na ce, “Mi tac ce?”

Matar Yaya ta so ta kauce wa zancen. Na ce ta faɗa mini don Allah.

Ta ce, “Dariya tay yi. Tac ce, ‘Cikin bazarag ga? Ta bushe. Kauri tay yi, kunyata taka ji. Ɗiyag ga da zuciya, ni da haka nis saba da ita.’ Sannan tac ce kar a sauke tukunyar, wai kina iya sake shawara ki biyo baya.”

Sau uku matar Yaya tana ƙara ruwa a tukunyar nan, yana tafasa yana ƙonewa. Sai da rana ta faɗi Inna ta ce a kashe wutar, a kwantar da ita.

Na yi kuka a rayuwata, na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, amma ban taɓa jin abin da na ji a ɗakin nan ba. Ciwo ba ni na sa mata ba, kwananta ne ya ƙare, wannan na yarda. Amma yini guda cur Allah ya ba ni da uwata, ga jaki a ƙofa, ga taliya a bushe, na mayar da shi da hannuna.

Ranar sadakar uku aka rasa abin da za a ƙara wa baƙi mata, sai matar Yaya ta buɗe ƙwaryata ta dafa. Ina zaune a gefe aka ajiye akushin a gaban tsofaffi. Wata ƙawar Inna, wadda tun ina yarinya tana cikin masu yi mini dariya, ta ɗaga sili ɗaya sama ta duba shi da kyau. Idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, “Allahu akbar. Ashe marigayiya ta bar saura. Ku duba hannu, har ta koma ga Allah babu wadda tak kama ƙahwarta.”

Matar Yaya ta buɗe baki za ta yi magana. Na kama hannunta na matse, ta yi shiru. Suka ci, suna yi wa Inna addu'a, ni ko sili ɗaya ban iya kaiwa bakina ba.