Baba bai taɓa kiran sunana ba

Shekara biyar ke nan yau da rasuwar Baba, ni kuma ga ni tsaye a gefen babbar hanyar M6, motarsa da na gada ta mutu murus. Ni da nake bakanike. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. A gidanmu na Withington, cikin Manchester, za a yi masa addu'a bayan azahar, kuma Mama ta aiko ta bakin ƙanwata Amira cewa in zo. Rabona da gidan tun zaman makoki. In ba ta gan ni yau ba, ba za ta ce mota ba ce, cewa za ta yi na ƙi zuwa. A waya nake rubuta wannan, kafin masu jan mota su iso.

Baba likita ne, GP, wato likitan unguwa. Ni ne ɗansa na fari, a Kano aka haife ni, aka taho da ni Manchester ina firamare. Boko bai karɓe ni ba, zama waje ɗaya ƙaiƙayi yake sa ni. Ko college ban gama ba na tattara na koma Birmingham, garejin baban abokina Imran a Small Heath. 'Yan Pakistan ne, Chacha muke ce wa tsohon.

Abin da ya tsaya min a rai tun ina yaro shi ne, Baba bai taɓa kiran sunana ba. Amira ita ce "Amirata", a ɗauke ta, a kai ta park. Ni kuwa ina zaune a gabansa zai ce, "Ku ce wa wancan ya zo ya ci abinci." Ba wai ban san ana kunyar ɗan fari ba. Na dai ɗauka mutumin da yake wuni yana kiran Turawa da sunayensu ai ya wuce nan. Sai na yanke cewa ni ne ban cika masa ido ba.

Da na koma Birmingham sai ya tsiri kawo motar nan service wajenmu, tun daga Manchester, wai kanikawan can ɓarayi ne. Ya zauna da Chacha suna shan shayi, ni ina ƙarƙashin mota. In na fito na gaishe shi, ya ce "Lafiya" yana kallon bango. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to tasa ba ta taɓa gaya min komai ba. Na ɗauka zuwa yake ya ga inda ɗan likita ya ƙare.

Bara Imran da Chacha suka yi faɗa, aka daɗe ba magana. Rannan tsohon ya yanka mangwaro, ya ajiye farantin kusa da Imran, ya wuce.

Imran ya ce, "Shi ke nan, ya ba da haƙuri."

Na ce, "Ina haƙurin? Ko tari bai yi ba."

"Bro, a gidanmu wannan doguwar huɗuba ce."

Ina dariya Chacha ya juyo. "Kai ne da dariya? Motar babanka lafiyarta ƙalau take zuwa nan. Man ko baƙi bai yi ba zai ce a juye."

Gaskiya ne, kuma ni nake juye man da hannuna. Ban dai taɓa tambayar kaina dalili ba.

Yanzu tambayoyin ne suka hana ni sakat. Me yake tunani a doguwar hanyar nan shi kaɗai? Da yana raye, me zai ce in ya gan ni a unguwarmu Erdington na rataya ɗana a ƙirji kamar jaka, ina yi masa waƙa a gaban mutane? Wataƙila ya kau da kai. Wataƙila kuma ya karɓe shi ya juye masa duk abin da ya kasa ba ni, tunda tsakanin kaka da jika babu kunya. Abin da ya fi ba ni mamaki, sunan Baba na sa wa yaron, kuma har yau bakina ya ƙi faɗarsa. Abba nake ce masa. Babu wanda ya koya min.

Ko kunyar nan gado ce da zan so, ko ciwo ce da ya kamata ta tsaya a kansa, ban gama sani ba. Abin da na sani, shi ya tafi, Mama tana nan, kuma ita ma haka take. Saƙonta ta Amira yake zuwa, nawa ma ta Amira yake komawa, kamar ƙasashe biyu masu gaba. Ɗazu har na nemo lambar Amira, sai na fasa. Na nemo ta Mama, wadda ban taɓa tura wa komai ba, na rubuta:

"Mama, ina kwana. Ni ne. Na taso tun safe, mota ce ta tsaya min a hanya. Ku fara addu'ar, kada ku jira ni. Zan iso ko a jirgin ƙasa ne, kuma kwana zan yi. Ba sai kin amsa ba, ki dai sa a ajiye min tuwo."