Ribar da Tauno Ke Ci a Cikin Gwangwani

An ce wai Tauno Rautio ya sayi jirgin ruwan nan mai hawa goma da ke zuwa birnin Tallinn na ƙetaren teku, da matuƙansa da tukwanensa. Matar mai gidan burodi ma ta rantse ta gan shi a saman bene da hular kyaftin yana ɗaga wa mutane hannu. Ƙarya ce tsagwaronta. Tauno taubashina ne, bai mallaki ko ƙusa ɗaya a jikin jirgin ba. Yawan shigarsa ne ya sa ma'aikatan ciki suka san sunansa, suka san irin miyar kifin da yake so.

Shekara talatin da ɗaya Tauno ya yi yana tuƙa motar bas a garinmu Porvoo, bai taɓa take ko kyanwa ba. Da ya yi ritaya sai ya gano wani ilimi da ya gagari malaman jami'a: gwangwanin giya a Tallinn bai kai rabin kuɗinsa na nan gida ba. Daga nan duk farkon wata sai ya ja 'yar kurarsa mai ƙafa biyu, ya tsallaka teku, ya dawo da katan goma a ɗaure da igiya, yana nishi kamar wanda ya ɗauko coci.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kansa ke aiki. Shi a wurinsa ba kashe kuɗi yake yi ba, samu yake yi. Yana shiga gida zai ce da matarsa, "Sirkka, yau na ci ribar yuro ɗari biyu."

Ita kuma ta miƙa hannu. "To ba ni in gani."

"Ai tana cikin gwangwanayen."

"Sai mu kai wa masu wutar lantarki gwangwani biyar, ko?"

Ba ya sa kuɗin jirgi a ciki, don wannan shan iska ne. Ba ya sa abincin cikin jirgi, don ko a gida ma ai zai ci. Kuma tunda abin ya zama araha, gwangwani biyu na ranar Asabar suka haihu, suka zama uku kullum. Gari ya ji labari, sai ga mutane sun tuna Tauno mutumin kirki ne. Duk ranar da ya hura wutar sauna, ɗakinsa na wankan tururi, bencin ciki ba ya ɗaukar baƙi.

Wannan riba, in ji shi, ta sayen inji ce. Akwai kwale-kwalen da mahaifinsa ya bar masa, kore, injinsa ya mutu shekara uku ke nan, yana kife a bayan gida. Akwai kuma turken ɗaure kwale-kwale da tsohon ya riƙe a bakin kogi shekara arba'in, na uku daga gada. A nan Tauno ya koyi jefa ƙugiya, a nan aka ɗauke su hoton aure shi da Sirkka. Bana sai Pentti, mai kula da tashar kwale-kwale, ya tare shi a kasuwa.

"Tauno, mutum sittin ke jiran turke. In ƙarshen Mayu ya yi ban ga kwale-kwale a ruwa ba, na ba wani."

"Haba Pentti, turken babana?"

"Babanka ai yana sa nasa a ruwa."

Tauno ya tafi wurin mai sayar da inji da ƙarfinsa. Aka gaya masa farashi, ya koma gida ya buɗe akwatin da yake zaton ribar na ciki. Ya tarar da tikitocin jirgi da marfin alƙalami. Sirkka ta ce rabin yini ya yi a rumfa, hannu a ƙugu, yana kallon buhunan fankon gwangwani kamar zai yi musu tambaya. Ba faɗa ya yi ba. So yake kawai ya gane ta ina kuɗin da bai kashe ba suka bi suka fita.

Watan nan bai tsallaka teku ba. Ya kankare kwale-kwalen, ya toshe ramuka, ya zaro filafilan mahaifinsa daga saman rumfa. Ran talatin ga Mayu ya tura shi ruwa daga bayan gida, ya kama tuƙi da hannu zuwa turken, mutum mai shekara sittin da bakwai, ga iska tana maido shi baya.

Na tsaya a gaɓa na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kyaftin! Ina injin da aka saya da ribar Tallinn? Ko shi ma yana cikin gwangwani?"

Ya ɗago, fuska ja wur, ya kawo gefen kwale-kwalen daidai ƙafata.

"Rabin injin yana cikin tumbinka, kai ka shanye shi a bencina. Shigo ka kama filafili, yau za ka yi aikinsa."