Farfesa da Innarta a Kemis

Wata mata ce tsaye a kemis ɗin bakin layi, gilashi ya zamo mata har kan hanci, waya na ta ƙara a jaka. Wai farfesar aikin jinya ce, binciken da take yi da likitocin ƙasashe biyar kan hawan jini har asibitoci ke bi. Amma ga ta tana gumi, tsohuwarta da ke gefenta ta ƙi shan ƙwayar magani.

"Inna, ni fa na yi binciken maganin nan!"

Tsohuwa ta taɓe baki, ta dubi mai kemis. "Likita, yarinyar nan ta san abin da take faɗa kuwa?"

Mutumin da ko sakandare bai gama ba ya gyara tsayuwa. "Tana ƙoƙari, Hajiya."

Sai tsohuwa ta haɗiye ƙwayar.