Bas Ɗin da Dogo Bai Adana Ba

Dangi sun gama yanke hukunci cewa Yayana ya taɓu. Ni da na fi kowa zama da shi na ce ƙarya suke, kuma zan faɗi yadda aka yi, mai jin haushi ya ji.

Yaya direban bas ne tun ina firamare. Motarsa fara ce mai ratsin kore, madubin hagu a tsage, ya ɗaure shi da waya ya ƙi canzawa, har ciwon gwiwa ya hana shi taka kuloci ya sayar da ita. Mutum ne da ba ya doguwar hira sai da inji. Matarsa ta rasu da wuri, ta bar masa ɗa guda da muke kira Dogo. Dogo ya girma ya sami aiki a shagon buga takardu, abin da ya samu kuma duk a kan kwamfutar wasa yake ƙarewa, wata ƙatuwa mai gefen gilashi, fankoki na juyawa a cikinta da shuɗin haske. Uban ko leƙa ɗakin yaron ba ya yi. In ya wuce ƙofar sai ya ce ƙato da gemu yana ginin ƙasa irin na yara. Dogo kan yi dariya ya ce ai gara shi, da direban da kujerar falo kawai yake tuƙawa.

Wata rana da tsakar rana Dogo ya tashi daga gaban kwamfutar, ya ce zai sayo abu a bakin titi yanzu ya dawo. Wata motar kaya ta ƙwace wa direbanta ta buge Dogo. Allah ya jiƙansa.

Sai da masu gaisuwa suka watse na shiga share ɗakin. Labule a sauke, ɗakin da ɗumi, ga wani gurnani ƙasa-ƙasa. Ashe kwamfutar ba ta mutu ba, domin Dogo ya haɗa ta da batir da sola. A fuskarta akwai koren fili, da wani ɗan mutum tsaye ya ba ni baya, bulo ɗaya a hannunsa, kafaɗunsa na hawa suna sauka kamar mai numfashi. A gabansa bas ce da aka gina da bulo, fara mai ratsin kore, tayoyi uku, bayanta ba rufi, madubin hagu a karkace. Na ajiye tsintsiya na kira Yaya. Ya shigo ya ga motar, sannan ya ja kujerar yaron ya zauna.

Tun daga nan ya koma lura da batir yadda yake lura da man inji. Ya cire firij daga layin, ya daina kunna fankar ɗakinsa, yana goge allon sola da tsumma kowace safiya. Bai taɓa danna komai ba, kallo kawai yake. Rana a cikin wasan ta fi tamu sauri, sai ka ga inuwar bas ɗin ta zagaya ta dawo kai kana zaune wuri ɗaya. Akwai shanu can nesa, da farko ’yan kaɗan. Suna ta haihuwa, suna matsowa, har suka kewaye motar suka tsaya cik, duk sun juyo da fuska wajenmu. Ni dai ba na son kallonsu.

Daga baya numfashin ɗan mutumin ya fara sarƙewa. Kafaɗun su hau su maƙale, fankoki su ɗauki kuka, sai can su sauko. Na lura in suka maƙale shi ma Yaya riƙe nasa numfashin yake. Wannan ne ya sa na nemo mai gyara.

Mai gyaran mutumin kirki ne, ya duba a hankali bai rufe wasan ba. Ya ce ram ɗin kwamfutar, wato inda take riƙe abin da ake yi a lokacin, giga sha shida ne kuma ya cika maƙil saboda yawan shanun. Ya ce Dogo ya kashe adanawar da wasan ke yi da kansa, kamar yadda ’yan wasa da yawa ke yi don kada ya riƙa tsaya musu, sai sun gama gini su adana da hannu. Shi kuwa bai gama ba. Bas ɗin ba ta ko’ina sai cikin ram, kuma ram da zarar wuta ta ɗauke ya zubar da komai. Ƙara shi kuma ba ya yiwuwa sai an kashe kwamfutar.

Yaya ya tambayi nawa ya kamata a sa. Mai gyara ya ce talatin da biyu ya ishi kowane wasa, sittin da huɗu sai mai son burga, fiye da haka ɓarna ce.

“Ba wannan na tambaye ka ba, ɗana. Nawa za a sa ta yadda ba zai taɓa cika ba?”

“Baba, babu irinsa. Muddin shanun nan na haihuwa, ko nawa aka sa wata rana zai cika.”

Ya ce abin yi shi ne a danna adanawa kafin a kashe, amma a yadda ta cika tana iya daskarewa a hanya, in kuma an bar ta haka da kanta za ta faɗi, ba da daɗewa ba. Yaya ya ce a sayo sittin da huɗu, ya sa su a aljihun gaba yana yawo da su, ya kasa cewa a fara.

A nan dangi suka nuna halinsu. Wata ’yar baffanmu ta ce a zare filogin yana banɗaki a huta. Mijinta ya ce a ɗauki hoto da waya, ai duk ɗaya ne. Na ɗauka, na nuna wa Yaya, ya ce wannan ba ya numfashi. Waɗannan mutanen fa ko kujera ba su taɓa ja sun zauna kusa da shi ba, amma su ne masu ba da magani. Na faɗa musu wanda ya taɓa filogin nan ni da shi ne.

Ranar da kafaɗun suka maƙale har na gama wanke-wanke ba su sauko ba, Yaya ya ce min, “Auta, kira mai gyaran.”

Mai gyara ya nuna masa inda zai danna, ya danna da kansa. Wani ɗan layi ya fito ya fara cika. Ya kai rabi ya tsaya. Fankokin suka yi wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, shanun suka ɓace gaba ɗaya, ɗan mutumin ya rage shi kaɗai da motar, sannan fuskar ta yi baƙi. Ɗakin ya yi tsit har kunnena na amo.

Aka sa sabon ram, aka kunna. Wasan ya buɗe sumul, ciyawa na kaɗawa, ba sarƙewa ko kaɗan. Filin fayau, ba taya ba madubi. Ɗan mutumin yana tsaye a tsakiya hannu wayam, wannan karon ya juyo yana fuskantarmu.

Yaya ya matso da fuskarsa dab da gilashin ya daɗe yana dubansa. “Bai fara ba tukuna,” ya ce. “Ku bar shi a kunne.”

Dangi suna ta murna wai yanzu zai dawo hayyacinsa tunda abin ya tafi. Su zo su gani. Jiya da la’asar na kai masa abinci na same shi a kujerar nan, ya haɗe hannuwa a cinya, shi da ɗan mutumin suna kallon juna, yana jira ya ga ya sunkuya ya ɗauki bulon farko.