Abin da Kyamara Ba Ta Gani

A rumfar cajin waya ta Falalu, bakin tashar Matameye, wata mata tana tsugune, don igiyar cajin gajera ce. Bai san ta ba. Hijabinta ya koɗe a kafaɗa, ga farin alli a ƙarƙashin faratanta. Malamar lakwal ce, wato makaranta, in ji zuciyarsa, wataƙila daga ƙauyen Dungu. Babban yatsanta na yawo a kan fasasshen gilashin wayar, ya taɓa rubutu, ya janye.

Sai ga kira, muryar namiji ta cika rumfar, Hausar Kano tsantsa.

"Malama, labarinki ya yi, amma mu fim muke so. Duk tunanin nan da matar take yi tana wanke rigar mijin da bai dawo daga ci-rani ba, cire shi. Kyamara ba ta ganin zuciya. Ta yi kuka kawai, mu sa waƙa."

"Ai ba ta kuka, Alhaji. Labarin ke nan gaba ɗaya."

"To, je ki buga littafi. Wa zai karanta?"

Ta kashe kiran. Falalu ya sunkuyar da kai: kullum fim yake tura wa mutane a waya, ba wanda ya taɓa tambayarsa littafi.

Tana kallon hanyar da motocin Najeriya ke shigowa, kallon wadda ta saba da jira. Falalu ya fara zargin ko rigar mijinta ce ake wankewa a labarin. Can ta danne yatsa, layuka suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. A gurbinsu ta rubuta: "Sai ta fashe da kuka."

Idonta a bushe ƙamas.