Allon da Za Su Kafa a Kan Murhun Kakata

Za su kafa allo a kan kabarin kakata, kuma a duk gidanmu babu wanda ya ce uffan.

A rediyo na fara jin maganar. An ce an yi doka a jiha, za a jera manyan alluna a bakin titin Kano zuwa Zariya, domin matafiyi ya san ya shigo yankin shinkafa, ya tsaya ya saya. Har murna na yi, don da turara shinkafa na ci da 'ya'yana. Sai ranar Talata, ina dawowa daga kasuwar Kura, na ga ma'aikatan wani ɗan kwangila sun buga turaku biyu a gefen gonarmu. Sun haƙa ramin farko, na biyun sai gobe. Allon yana kwance a ƙasa. Na tsaya na haɗa baƙaƙen da kaina, don sai da na aurar da 'yar autata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ba na ba kowa karatuna. An rubuta: Barka da zuwa ƙasar masu turara shinkafa.

Daga nan na dubi abin da suka tono. Ƙasa ce ja, ƙonanniya, da tsingaron tukunya baƙi ƙirin. Murhunta ne. Ramin gobe kuwa a kanta zai sauka.

Kakata Bamagujiya ce, giya take dafawa. Na rubuta, ga shi nan. Kafin ruwan dam ɗin Tiga ya zo, kafin katafila ta baje gonaki a yanka kanal na ban-ruwa, gidanta yana nan a ƙarƙashin wata ɗorawa. Da kaka, in an shigo da dawa, sai ta jiƙa ta, ta baza a inuwa ta rufe da ganye har ta yi tsiro, ta shanya, a niƙa. Sannan manyan tukwane su hau wuta kwana biyu. Ni ce mai tura itace. Ƙamshin jiƙaƙƙen hatsi a kan wuta yakan kama zanena har sati. Ranar gayya maza sukan zauna da ƙoƙuna, ita kuwa tana tsaye tana zaginsu ɗaya bayan ɗaya, suna dariya.

Ba ta taɓa ba ni ko kurɓi ba. Takan ce, "Ke 'yar nan, ubanki ya bi masu salla, ba zan ɓata masa ke ba. Amma wuta ba ta da addini. Zo ki koya." Ta koya mini sauraron tukunya, in gane daga kukanta ko ta ƙoshi ko tana son ƙari. Da shinkafa ta cika ƙasar nan, matan unguwarmu na farko da suka fara turarawa tukwanenta suka ara. Da safe su zo su tambaye ta yadda ake jiƙo, da yamma in sun haɗu da ita a hanyar rijiya su kau da kai.

Ta rasu da bazara, ana tsananin zafi. Ba a kai ta maƙabarta ba. Danginta suka zo daga wajen Bunkure, suka binne ta a bayan murhunta, suka kifa babbar tukunyarta a kai. Babana ya tsaya daga nesa, hannuwansa a baya. Ban ga hawayensa ba, amma kwana uku tuwonsa yana komawa yadda aka kawo shi. Daga ranar sunanta ya fita daga gidanmu. In an tambaye mu asali, sai mu fara daga babanmu, kamar daga sama ya faɗo.

Ɗorawar ta tafi da aka faɗaɗa titi. Garma ta fasa tukunyar. Amma har yau in na ɗora tukunyar shinkafa, tururi ya taso, sai in ji kamar an tsaya a bayana ana sauraro tare da ni. Ba na waiwayawa. Ba tsoro ne yake hana ni ba, kunya ce.

Da la'asar ɗin Talatar na je wurin yayana, wanda yanzu shi ne babba a gidan. Na ce, "Yaya, gobe za su haƙa Kaka."

Ya ajiye carbinsa. "Wace Kaka? Rage murya, surukaina suna zaure."

"Wadda ta goya ka da kana zawo har aka fid da rai. Ko ita ma in rage ta?"

"Ke dai bakinki ba ya tsufa. Ƙasa ta riga ta cinye abin da za ta ci. So kike a riƙa nuna jikokinmu a Islamiyya ana cewa ga jinin masu giya? Ki bar wa Allah."

Na ce, "Allah na bar wa hisabinta tun tuni. Ƙasusuwanta kuwa a hannunmu ya bar su."

Ya sake ɗaukar carbinsa ya ci gaba da ja. Na san ba zai zo ba.

Ni Musulma ce, a kan haka nake fatan cikawa, kuma ban ce sana'arta daidai ce ba. Amma yanzu motoci suna wucewa ta gefenta dare da rana, an shirya yi wa tukunya kirari a bakin titi, wadda ta koya mana wutar kuwa za a zuba mata siminti a ƙirji.

Washegari da na idar da sallar asuba, na ɗauki tabarma da buta. Na riga ma'aikatan isa. Na shimfiɗa tabarmar a gindin turke na biyu, na zauna. Mata suna ta wucewa zuwa injin casa da buhuna a ka lokacin da shugaban ma'aikatan ya sauko daga mota.

"Hajiya, lafiya? Nan za mu haƙa."

"Akwai mutum a nan."

"Mutum? Wa?"

Na ɗaga murya yadda matan za su ji. "Kakata. Uwar ubana. Bamagujiya ce, mai dafa giya. Ka matsar da allonka gaba, ɗana, ni a nan zan wuni."