Theresa da Ɓerayen Miriyam

Duk garin Madakiya an san Theresa da hali ɗaya: ba ta iya ba wani abinci ta bar wani yana kallo. Mijinta ya rasu ya bar mata gonar citta da yara, ta haɗa da marayun ƙanensa ta riƙe, kuma baƙo bai taɓa gane nata 'ya'yan a bakin tire ba. A zumuntar mata ita ake miƙa wa cokalin rabo ranar Kirsimeti. In dai a kan rabon abinci ne, matar nan ba ta jin magana.

Da gwiwa ta hana ta noma, 'yarta Miriyam, mai karatun digiri na biyu, ta samo mata aikin shara a ɗakin dabbobin gwaji na wata makaranta a Kafanchan. A nan Miriyam ke ajiye fararen ɓerayen da za ta gama karatu da su. Duka tana ba su wani magani mai wahalar da zuciya, sannan ta ɗura wa na kejin dama ruwan citta da ta tace. Na hagu kuwa sai ruwa zalla. Bambancin da za a gani a zukatansu shi ne dukan binciken.

"Mama, shara kawai," in ji Miriyam. "Kar ki taɓa komai."

Theresa ta ce to. Amma kullum tana ganin na hagu suna ramewa, gashinsu a tsaye, suna leƙen 'yan'uwansu. Abin ya tsaya mata a rai. Wane irin karatu ne wannan, da ake ba wani a hana wani? Sai ta riƙa daka cittar gonarta a gida, ta zo da ruwan a gora, ta zuba musu a mazubin sha kafin kowa ya iso. Har addu'a take musu.

Ranar da aka gama auna zukatan, Miriyam ta dawo gida ta zube a ƙasa, ko takalmi ba ta cire ba.

"Shekara guda, Mama. Dama da hagu duk ɗaya. Ruwan citta bai yi komai ba."

"Ya yi mana!" Theresa ta ce, har da dukan ƙirji. "Na hagu ɗin nan, tun da na fara ba su nawa suka miƙe."

Miriyam ta ɗago ta dube ta. A wannan kallon Theresa ta gane abin da ta yi, ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Da yarinyar ta yi faɗa ma da ya fi sauƙi.

Kashegari malamin da ke duba aikin ya tambayi wa ya taɓa ɓerayen. Miriyam ta tsaya gaban abokan karatunta ta ce, "Uwata ce." Su suka gama a shekarar, ita ta koma farko da sababbin ɓeraye.

Ba a kori Theresa ba, ko da yake ta so a kore ta. An dai sa kwaɗo a ƙofar ɗakin ciki inda ɓerayen suke, kuma Miriyam ce ta sayo shi da hannunta. Matar da ba a taɓa kulle wa ko tukunya ba, yanzu kowace safiya sai ta share har bakin ƙofar nan, ta juya ba ta ɗaga kai ba.